Kocin da Ya Ajiye Usur: Yadda John Gagliardi Ya Ci Wasa 489 a Ƙaramar Jami'a

Idan aka tambayi mai bibiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka wane koci ne ya fi kowa cin wasa a tarihin gasar jami'o'i, da wuya bakinsa bai fara zuwa kan Bear Bryant na Alabama ko Joe Paterno na Penn State ba. Bryant ya ci 323, Paterno ya ci 409. Mai kambun ba ya cikinsu. Sunansa John Gagliardi, ya ci wasa 489, an doke shi sau 138, ya yi canjaras 11, cikin kaka 64. Sittin daga cikin kakannin nan a wuri guda ya yi su, Jami'ar Saint John's da ke Collegeville a jihar Minesota. Makaranta ce ta maza zalla, ɗalibanta ba su kai 2,000 ba, tana cikin daji tsakanin tafkuna, ruhubanawan Katolika na ɗariƙar Benedikt ne suka kafa ta a 1857 kuma har yau tana da alaƙa da su.

Duk wanda ya tashi ba da labarin mutumin nan, abin da yake fara kawowa shi ne jerin abubuwan da ya hana. Ba ya busa usur. Ba a kayar da ɗan wasa ƙasa a wajen atisaye. Atisaye ba ya wuce minti 90. Ba a korar kowa daga ƙungiya saboda bai iya ba. Ba a tilasta wa kowa ɗaga ƙarfe. Ba a ce masa koci, sai dai John. Sai a gama lissafin a ce dattijo ne mai taushin zuciya da Allah ya ba sa'a. Ni a ganina wannan karatun bai kai ga gindin maganar ba. Hane-hanen nan lissafi ne, lissafin mutumin da ya fahimci irin makarantar da yake aiki a cikinta, ya gane abin da ke hannunsa da abin da ba ya hannunsa. Wanda bai san yadda ƙananan jami'o'in Amurka ke tafiyar da wasanni ba, ba zai gane dalilin ko ɗaya daga ciki ba.

Wasan da kansa, ga wanda bai saba kallonsa ba, na mutum sha ɗaya ne a kowane ɓangare, a fili mai tsawon yadi 100. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su matsa gaba da yadi goma, ko ta jifa ko ta gudu da ita a hannu. In sun yi, a sake ba su huɗu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya shigar da ita gidan abokan karawa ya samu maki shida. Hanyar tsayar da mai gudu kuwa ita ce a rungumo shi a maka da ƙasa. Kowace dama ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi, amma a cikinta ƙarti masu hular kwano suna karo da juna da iyakar ƙarfinsu. A 1905 mutane aƙalla 18 suka mutu a wasan, har shugaba Theodore Roosevelt ya kira manyan jami'o'i Fadar White House ya ce ko su gyara ko su san abin yi. Daga wannan rikici aka haifi ƙungiyar da ta zama NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i.

An gyara dokoki, amma al'adar horarwa ta zauna a kan tunanin barikin soja. Koci nagari shi ne mai tsawa. Jarumi kuma wanda aka wahalar har ya yi amai ya tashi ya ci gaba. A 1954 Bear Bryant ya kwashi 'yan wasan Texas A&M ya kai su wani ƙauye mai suna Junction cikin tsananin zafi da fari, yana hana su ruwa a lokacin atisaye, har mafi yawansu suka gudu kafin a cika kwana goma. Maimakon abin ya zama abin kunya, sai ya zama labarin alfahari da ake ba yara. A wannan duniyar Gagliardi ya tashi.

An haife shi ranar 1 ga Nuwamba 1926 a Trinidad, garin masu haƙar kwal a kudancin jihar Kolorado, a gidan 'yan ci-rani daga Italiya. A 1943, yana ɗan shekara 16, aka ɗauki kocin makarantarsu ta sakandare zuwa Yaƙin Duniya na Biyu. Makaranta ta yi niyyar rufe wasan, shi kuma ya roƙi a bar shi ya riƙe ƙungiyar, yana wasa yana horarwa. A nan asalin komai yake. Yaro ɗan shekara 16 ba shi da bakin da zai daka wa sa'o'insa tsawa, kuma ba shi da wanda ya koya masa yadda ake yi. Sai ya zauna ya cire duk abin da ya tsana a matsayinsa na ɗan wasa: zagayen fili na horo, motsa jikin da ba shi da alaƙa da wasa, da hana shan ruwa. Suka sha ruwa ba abin da ya same su, kuma suka fara cin wasa. Da ya taso ƙarƙashin wani babban koci ya gaji hanyarsa, da wataƙila ba mu ji sunansa ba.

Ya ci gaba da horar da sakandare yana karatu a Colorado College, ya gama a 1949, ya samu aiki a Carroll College da ke Helena a jihar Montana. Kaka huɗu, ya ci 24, an ci shi 6, canjaras 1, da kofin yanki uku. A 1953 ya koma Saint John's ya gaji Johnny Blood McNally, tsohon tauraron ƙungiyar ƙwararru ta Green Bay Packers, wanda aka ce a kan hanyarsa ta fita ya gaya masa ba wanda zai iya cin wasa a wannan makaranta. A kakarsa ta farko suka ɗauki kofin yankin Minesota.

Aikin kocin ƙaramar jami'a ba ƙwallo ɗaya ba ce. A Carroll har ƙwallon kwando ya horar. A Saint John's ya riƙe ƙungiyar hoki ta ƙanƙara daga 1954 zuwa 1959, wasan da bai tashi da shi ba, ya ci 42 aka ci shi 25. Ya horar da masu tsere, ya zama daraktan wasanni daga 1976 zuwa 1994, yana kuma shiga aji yana koyar da darasin nazarin ƙwallo wanda ɗalibai ke rububin shiga, ciki har da mata daga College of Saint Benedict, makarantar 'yan uwansu da ke kusa. Game da albashi, zolayar da ya saba yi ita ce ruhubanawan ne suka yi alwashin zaman talauci amma shi aka bar wa cika shi.

Jigon maganar yana cikin tsarin gasar. Tun 1973 NCAA ta raba makarantu rukuni uku. Rukuni na ɗaya shi ne na manya, masu filayen da ke ɗaukar mutum 100,000 kamar na Michigan, masu kwangilar talabijin, inda shekaru da dama kowace makaranta ke da damar ɗaukar nauyin karatun 'yan wasa 85. Rukuni na uku kuwa, inda Saint John's ta koma bayan ta bar NAIA, wata ƙungiyar daban mai kula da wasannin ƙananan jami'o'i, dokarsa ɗaya ce da ta bambanta shi da sauran: haramun ne a ba ɗalibi tallafin karatu saboda wasa. Zai iya samun rangwame saboda ƙoƙarinsa a aji ko saboda ƙaramin ƙarfin iyayensa, daidai da kowane ɗalibi, amma ba don yana da gudu ko ƙarfi ba.

A duba abin da wannan ke nufi ga koci. A babbar jami'a, ɗan wasa ya san karatunsa da abincinsa da ɗakin kwanansa suna rataye ne a wuyan koci, kuma yana hango NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka. Ko an zage shi zai shanye, don barin wasa barin makaranta ne. A rukuni na uku ɗan wasa shi ke biyan kuɗin makaranta, ko iyayensa, ko ya ci bashi. Ya san ba ƙwallo ce za ta ci da shi ba, akawu zai zama ko likita ko malamin makaranta. Ranar da atisaye ya gundure shi, ya ajiye hular kwano ya koma ɗakin karatu, ba abin da ya rasa. Kocin rukuni na uku ba shi da bulala. Masu kwaikwayon Bryant a wannan mataki suna daka tsawa ne da ikon da ba su da shi, kuma sukan wayi gari benci ya yi fayau. Gagliardi ya karɓi wannan gaskiya tun farko, ya gina komai a kanta: tunda ba zan iya tilasta wa yaro ya zauna ba, dole in sa ya so zama, kuma dole kada in ɓata masa lokaci ko jiki.

Hana kayarwa a atisaye shi ya fi jawo masa surutu. Tsofaffin kociyoyi suna cewa wanda bai yi karo ranar Talata ba, ba zai iya karo ranar Asabar ba. Amsarsa ita ce yaran da ke zuwa wurinsa sun riga sun koyi kayarwa a sakandare, abin da ke hana su tsayar da mai gudu ba rashin ƙarfin hali ba ne, rashin tsayuwa ne a inda ya dace a lokacin da ya dace. Wannan kuwa ana koyonsa ba tare da an karya ƙafar kowa ba. Sannan ga lissafin asara. Babbar jami'a in gwaninta ya ji rauni tana da wani kusan irinsa a benci. Ƙaramar makaranta gwani ɗaya ko biyu gare ta a kowane gurbi mai muhimmanci, in ka raunata shi da hannunka a tsakiyar mako ka yi wa abokin hamayya aiki kyauta. Manomin da ke da sa biyu kacal na huɗa ba ya gwada ƙarfinsu da kokawa ana gobe za a shiga gona.

Minti 90 ma haka. Mai jin labarin zai zaci hutu ake yi, alhali an cire ne duk abin da ba wasa ba, sauran lokacin kuma ya tafi a maimaita dabarun da za a yi amfani da su ranar Asabar, ɗaya bayan ɗaya, da sauri, har ƙafa ta san hanya ba sai kai ya yi tunani ba. Inda ake kayarwa, kowace dama sai an jira mutane sun tashi daga kan juna an sake jeri. Inda ba a yi, ana iya maimaita dabara sau da yawa a lokaci guda. Motsa jikin farko kuwa abin dariya suka mai da shi: akwai wanda 'yan wasa ke kwanciya rigingine su kalli sama, su juya su ce wa na kusa da su yau gari ya yi kyau. In ana ruwa ko sanyi ya tsananta ko ƙwari sun dame su, a koma cikin ɗaki. Yaro ya gama da wuri ya je ya yi karatu, abin da ya kawo shi makarantar ke nan.

Rashin kora ya sa ƙungiyar kan haura mutum 150, har lambobin riga ba sa isa, sai ka ga mutum biyu da lamba ɗaya. Wani zai ce ina amfanin tara mutanen da ba za su taɓa shiga fili ba? Amfanin uku ne a dunƙule. Yaron da ya zo a rame yana ɗan shekara 18 yakan zama ƙato a 21, kuma kocin da ya kore shi a shekarar farko ba zai ga haka ba. Yawan mutane na ba da damar a kafa ƙungiyoyi da dama suna atisaye lokaci guda. Na uku kuma, wanda ba a cika faɗa ba, kowane ɗaya daga cikin yaran nan ɗalibi ne mai biyan kuɗin makaranta. A makarantar da ba ta kai mutum 2,000 ba, ƙungiyar ƙwallo mai mutum 150 ginshiƙi ce a kasafin kuɗi, ba abin nishaɗi kawai ba. Shi ya sa a ƙananan jami'o'i da yawa ake auna koci da yawan ɗaliban da ya jawo kamar yadda ake auna shi da yawan wasan da ya ci, kuma shi ya sa wasu makarantu ke buɗe ƙungiyar ƙwallo takanas don su samu ɗalibai maza. Abin da zuciyar Gagliardi ke so da abin da ofishin kuɗi ke so sun zo daidai, wannan kuwa ba ƙaramin dalili ba ne na daɗewarsa.

Ya kuma bar wa mai jefa ƙwallo, wato jagoran 'yan gaba, ikon zaɓen dabara a cikin fili, a zamanin da kusan kowane koci ke aiko da umarni daga gefe. Duk ɗan ajin ƙarshe kyaftin ne, suna karɓa-karɓa. Hujjarsa mai sauƙi ce: wanda ke cikin fili yana ganin abin da na gefe ba ya gani, kuma yaran da suka iya cin jarabawar shiga wannan makaranta za su iya karanta tsayuwar 'yan baya.

Kada dai a ɗauka mutumin ba ya damuwa da nasara. Waɗanda suka yi wasa a ƙarƙashinsa sun shaida shi da naci wajen kallon fim ɗin wasa, yana mayar da hoto baya yana sake kallo har ya gano wanda ya taka ƙafar da ba daidai ba, kuma a zaman duba fim harshensa na da kaifi. Mai fargaba ne, kowane abokin karawa a idonsa dodo ne har sai an tashi wasa. Ya sauke wa yara wahalar jiki ne ya ɗora musu ta tunani. Wanda ya yi kuskure iri ɗaya sau biyu ba a sa shi tsallen kwaɗo, a benci zai tsinci kansa, akwai mutum biyar a bayansa suna jira.

Sakamakon a rubuce yake. Kofin yanki 27 a Saint John's, da na ƙasa huɗu. A 1963 suka doke Prairie View A&M, makarantar baƙaƙen fata daga Texas mai 'yan wasa irin su Otis Taylor wanda daga baya ya yi suna a Kansas City Chiefs, da ci 33 da 27. A 1965 suka lallasa Linfield, ko maki ɗaya ba ta samu ba. A 1976, sun koma rukuni na uku, suka ci Towson State 31 da 28. Daga nan sai jira na shekara 27. A tsakani akwai ƙungiyar 1993 da matsakaicin makinta a wasa ya haura 60 amma ba ta kai ga kofi ba, akwai kuma wasan ƙarshe na 2000 da Mount Union ta ci su 10 da 7. Sai 2003, yana ɗan shekara 77. Ranar 8 ga Nuwamba, cikin sanyi mai ratsa ƙashi, suka ci Bethel 29 da 26, nasararsa ta 409, wadda ta wuce 408 na Eddie Robinson. A watan Disamba kuma suka sake haɗuwa da Mount Union a garin Salem na jihar Virginia. Mount Union ta zo ne da wasa 55 a jere ba a doke ta ba da kofi uku a jere. Saint John's ta ci 24 da 6.

Shi ma Robinson ɗin da aka karɓi kambu daga hannunsa ba daga babbar makaranta ya fito ba. Ya riƙe Grambling, makarantar baƙaƙen fata a Louisiana, daga 1941 zuwa 1997, kuma a farkon aikinsa shi ke shata layin fili da hannunsa. Ba haɗari ba ne a ce mutanen da suka tara irin wannan lissafi daga gefen fage suka fito. A can ne ake barin mutum ya tsufa a kujera.

Nan ne ya kamata mai sharhi ya yi adalci, domin masoyan Gagliardi sukan wuce gona da iri. Lamba 489 ba ta nuna ya fi Bryant ko Paterno iya aiki. Bai taɓa karawa da irin abokan hamayyarsu ba, bai taɓa zama a kujerar da rashin nasara uku ke sa a kori mutum ba. In aka raba 489 gida 64, abin da ke fitowa bakwai ne da ɗoriya a kowace kaka, a gasar da wasanninta na yau da kullum ba sa wuce goma. Abin mamakin ba tsayin tsalle ba ne, rashin faɗuwa ne: tun bayan 1967 bai sake kammala kaka da rashin nasara ya rinjayi nasara ba. Masu kallon ƙwallon Ingila suna jinjina shekara 26 na Alex Ferguson a Manchester United da 22 na Arsène Wenger a Arsenal. A haɗa su biyun, ba su kai zaman Gagliardi a Collegeville ba.

Haka kuma ba za a ce hanyarsa ce kaɗai hanya ba, ko a rukuninsa. Larry Kehres na Mount Union, wanda bai yi suna da jerin hane-hane ba, ya ci 332 aka ci shi 24 kacal daga 1986 zuwa 2012, ya ɗauki kofin ƙasa 11. In kofi ne ma'auni, Kehres ya yi masa nisa. Sannan Saint John's ba marainiya ba ce. Tana zaune a tsakiyar yankin da Katolika 'yan asalin Jamus suka yi yawa, tana da tsofaffin ɗalibai masu kishi da suka bazu suna horarwa a sakandaren Minesota suna turo mata yaransu, kuma filinta, wani kwari da itatuwa suka kewaye, ya sha zama na ɗaya a yawan 'yan kallo a rukuni na uku. Nasara tana kiran nasara: yaron da ya rasa gurbi a babbar jami'a, ko ya samu amma bai son zaman benci, ina zai nufa in ba inda ake cin wasa gaban dubban mutane ba? Wani ɓangare na hikimar Gagliardi shi ne samun yaran da ba sa buƙatar a koya musu kayarwa. Kocin da ya karɓi makarantar da ba ta taɓa cin komai ba, ya ce zai kwafi hane-hanen nan daga ranar farko, ba lallai ya ga abin da John ya gani ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa, duk da yabon da ake masa, kaɗan ne suka bi sawunsa yana raye.

A kan batu ɗaya dai zamani ya zo ya same shi inda yake tsaye. A 2001 Korey Stringer, ɗan wasan Minnesota Vikings ta NFL, ya mutu saboda zafi a sansanin atisaye a Mankato, cikin jihar da Gagliardi ke aiki. A 2002 wani likita haifaffen Najeriya, Bennet Omalu, mai binciken gawa a Pittsburgh, ya duba ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasa Mike Webster ya gano lalacewar da yawan buguwar kai ke haddasawa, cutar da ake kira CTE, ya wallafa a 2005, NFL ta yi ta musu kafin ta sauko. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka samu alamun cutar a ƙwaƙwalwa 110 cikin 111 na tsofaffin 'yan wasan NFL da iyalansu suka bayar. Samfurin ba na kowa da kowa ba ne, iyalan da suka ga alamar ciwo su suka fi bayarwa, amma saƙon ya isa. Abin da aka fahimta shi ne ba babban karo ɗaya ne kaɗai matsala ba, tarin ƙananan ne, kuma ɗan wasa ya fi yawan kwanaki a atisaye fiye da a gasa. Yarjejeniyar NFL da 'yan wasa ta 2011 ta rage atisayen karo sosai. Buddy Teevens, kocin jami'ar Dartmouth, ya daina kayarwa a atisaye tun 2010, kuma a 2016 dukkan kociyoyin Ivy League, gasar da Dartmouth ke ciki, suka amince da hakan a lokacin kaka. Gagliardi bai san CTE ba lokacin da ya fara. Shi dai ya ƙi ya rasa gwaninsa ranar Laraba, sai lissafinsa na cin wasa ya dace da na likitoci bayan shekara sittin.

Tun 1993 ake ba gwarzon ɗan wasan rukuni na uku kyauta mai sunansa, a 2006 kuma aka shigar da shi zauren girmamawa na ƙwallon jami'o'i yana kan aiki. Ƙarshen bai zo da daɗi ba. Babbar abokiyar gabarsu, St. Thomas ta birnin St. Paul, wadda ta fi su ɗalibai da kuɗi, ta ɗauko Glenn Caruso a 2008, ta zuba jari a gine-gine da neman 'yan wasa irin na zamani. A 2011 ta ci Saint John's 63 da 7. Kakar 2012 ta ƙare biyar da biyar, a watan Nuwamba ya ajiye aiki yana da shekara 86, tsohon ɗan wasansa Gary Fasching ya gaje shi. Ana iya cewa ya zarce da 'yan shekaru, kuma tsarin da ya ba shi damar gina abin da ya gina shi ne dai ya sa ba mai iya ce masa lokaci ya yi. Ya rasu ranar 7 ga Oktoba 2018. St. Thomas ɗin ma ƙarfinta ya yi wa sauran yawa, aka fitar da ita daga gasar yankin a 2019, ta haura rukuni na ɗaya a 2021.

Ko za a sake samun mai irin wannan tafiya? Abin da ya canza ba halin kociyoyi ba ne, tazarar kuɗi ce. A 1953 bambancin albashin ƙaramar makaranta da babba bai kai a tayar da iyali a kansa ba. A 2023 Nick Saban na karɓar sama da dala miliyan 11 a shekara a Alabama. Wanda ya gaje shi a 2024, Kalen DeBoer, daga Sioux Falls ya faro, ƙaramar makarantar NAIA inda ya ci 67 aka ci shi 3. Lance Leipold ya ɗauki kofin rukuni na uku sau shida a Wisconsin-Whitewater, ya wuce Buffalo a 2015, daga can Kansas a 2021. Manyan makarantu sun gano cewa wanda ya iya cin wasa ba tallafin karatu ya iya aiki, don haka ba sa barinsa ya yi shekara goma a ƙasa, balle sittin. 'Yan wasa ma sun samu ƙafa: tun 2018 akwai rumbun da ɗan wasa ke sa sunansa in yana son sauya makaranta, tun 2021 ɗalibi na iya samun kuɗi da sunansa, gwanin rukuni na uku da ya haska kaka ɗaya sai a yi masa tayi daga sama. Ƙananan makarantun kuma su kansu suna fama da ƙarancin ɗalibai. Finlandia ta jihar Michigan ta rufe a 2023, Birmingham-Southern ta Alabama ta bi ta a 2024, dukansu suna da ƙungiyar ƙwallo a rukuni na uku. Mai son ya kamo 489 yanzu sai ya ci wasa goma duk shekara har shekara 49, a makarantar da za ta rayu tsawon wannan lokaci, yana kuma ƙin amsa duk wayar da aka bugo masa daga sama.